Mma Zalia, Wadda Ta Ƙi Yin Wasan Jika da Tafinta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2017, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Mma Zalia Abdulai a wani asibiti da ke Bronx, nan birnin New York, bayan ta sha jinyar ciwon ƙoda. Shekarunta sittin da 'yan kai. Washegari aka yi mata sutura, aka sallace ta a masallacinmu na Morris Heights, aka kai ta makwancinta a New Jersey. Ta bar ƙannenta a Zangon Kumasi, ta bar jika ɗaya tilo a ƙasar Finland wanda ba ta taɓa ɗauka a hannunta ba, ta kuma bar mu, matan da ta raina a wannan gari ba tare da ta haife mu ba.

Ni ce Sauda, maƙwabciyarki ta hawa na huɗu. Kowa Mma yake ce miki, ni kaɗai nake ce miki Yaya, kuma yau ma da shi zan kira ki. Tun da aka dawo daga maƙabarta mutane suke cewa in rubuta wani abu, tunda ni na fi kowa sanin ki. Na zauna sau da yawa na kasa. Yau dai na ce ko ta yaya sai na rubuta, don akwai abin da ya faru bayan tafiyarki da ya kamata ki ji.

Yaya, kin tuna zuwana? Cikin hunturun 2006 na biyo maigidana Alkasim daga Zariya, da tsohon ciki, ban san kowa ba, ban san yadda ake kunna murhun gidan ba. Ina zaune ina kuka saboda bututun ɗumama ɗaki yana ta ƙara na ɗauka fashewa zai yi, sai na ji ana buga ƙofa. Na buɗe na ga doguwar mace da kwanon koko a hannu, tana cewa, "Sannu da zuwa. Na ji an ce ka zo daga Najeriya." Na waiga bayana ina neman namijin da kike yi wa magana. Ashe ni ce. Hausar Zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kuma har kika koma ga Allah "ka" kike ce mini. Na yi ta tsokanar ki a kan haka shekara da shekaru, ke kuma kina cewa mu 'yan Najeriya mun cika wahalar da kanmu.

Ke kika yi mini wankan jego a cikin ɗan bahon nan na banɗakinmu, kina dafa ruwa a tukwane kina jigila, kina faɗan cewa ƙasar da ba a samun ganyen darbejiya ba ƙasa ba ce. Ke kika tsaya a kan sunan 'yata kamar uwar da ta haife ni. Ba ni kaɗai ba. Duk yarinyar da ta sauka a unguwar nan daga Kumasi ko Tamale ko Maraɗi ko Kano, ƙofarki ake nuna mata. Aikinki kula da tsofaffi ne a gidajensu, ki yi musu wanka, ki ba su abinci a baki, ki dawo a gajiye cikin jirgin ƙasa mai lamba huɗu, amma ba ki taɓa wuce ƙofar mara lafiya ba ki leƙa ba. Ranar Asabar kuwa duk benen ya san kin ɗora shinkafa da wake irin ta mutanen Kumasi, har yaran Sifaniyawan da ke ƙasa sun san hanyar ɗakinki. In mace ta rasu a cikin jama'armu, ke ake bugo wa waya. Ke kika koya mini wankan gawa, kina cewa wata rana zan yi wa wani. Ban san ke kike nufi ba.

Ɗa ɗaya Allah Ya bar miki, Tamimu. Kin bar shi a Kumasi wajen mahaifiyarki kika zo neman abin da za ki ilimantar da shi, Allah kuma Ya sa yaron ya yi ƙoƙari, ya samu gurbin karatu a Finland, a wani gari da ake kira Tampere. Can ya gama, ya samu aiki, ya auri 'yar ƙasar mai suna Rika. Da farko kin yi ɗan gunaguni, daga baya kika ce matar da take tashi ta dafa wa ɗanki sahur ba ki da abin cewa a kanta. A 2010 suka haifi namiji, Tamimu ya mayar da sunan mahaifinsa, marigayi Malam Hambali. Tunda sunan mijinki ne, bakinki bai taɓa furta shi ba. Maigida kike ce wa yaron, ko Angona.

Yaron bai cika uku ba Tamimu ya rasu, a hatsarin mota kan titin da ƙanƙara ta rufe. Ba zan manta ranar ba. Takardunki na zama ba su fito ba a lokacin, in kin fita ƙasar nan ba dawowa, ga dangi a Kumasi duk ke suke kallo. Haka aka binne ɗanki a ƙasar da ba ki taɓa takawa ba, kina zaune a kan darduma a ɗakinki, mu muna kewaye da ke. Ba ki yi kururuwa ba. Abin da kika yi ta maimaitawa shi ne, "Saura Maigida."

Rika, Allah Ya saka mata, ba ta yanke zumunci ba. Duk Lahadi, da safe a nan, da la'asar a can, sai ta kira ta bidiyo ta zaunar da yaron a gaban waya. To amma da Tamimu ya tafi, Hausa ta bi shi. Yaron ba ya jin Hausa, ba ya jin Turanci, sai harshen uwarsa. Ki yi magana da Turanci, Rika ta juya masa, ya amsa da kalma ɗaya yana kallon ƙasa, ta juyo miki. Ni nake riƙe miki wayar saboda hannunki ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka na ga yadda fuskarki take komawa duk sanda aka kashe. Wata Lahadi kika ajiye gilashinki kika ce mini, "Sauda, wannan ba jika da kaka ba ne, wannan kotu ne. Ka taɓa ganin an yi wasan jika da tafinta?"

Na gane nufinki. Mu a wurinmu kaka ba gaisuwa take jira daga jikanta ba. Tsiya take jira. Ta ce masa miji rago wanda ba ya cefane, ya ce mata tsohuwa mai bakin goro, ta kai masa duka da mafici ya goce, sannan ta jawo shi ta ɗura masa nama a baki. Ranar da yaro ya fara rama tsokanar kakarsa, ranar ce ya san tasa ce. Wannan kike nema, kuma kika ce tunda shi ba zai iya zuwa harshenki ba, ke za ki je nasa.

Wallahi dariya na yi. Na ce, "Haba Yaya! Ke da kika kasa raba mace da namiji a Hausarki ta gado, ke ce za ki koyi harshen mutanen ƙanƙara? Ki bari ya girma mana, za a koya masa Turanci a makaranta." Kika dube ni kika ce, "Wa ya ba ka takardar cewa zan kai?" Washegari na buga miki darussa daga intanet a wurin aikinmu na kawo miki.

Gemu ba ya hana ilimi, haka ake faɗa, amma wanda ya faɗa bai gamu da harshen Finland ba. Sunayen abubuwa ba su ba ki wuya ba, kin haddace ruwa da gida da madara cikin 'yan kwanaki. Kalmomin aiki ne suka tsaya miki a wuya. Mu a Hausa kalmar aiki tana zaune abinta, sai dai a canja abin da ke gabanta: na zo, ka zo, mun zo. Su kuwa wutsiyar kalmar suke canjawa, kowane mai aiki da tasa. Ina magana, puhun. Kana magana, puhut. Yana magana, puhuu. Mu, puhumme, ku, puhutte, su, puhuvat. Kin gama murnar kin kama wannan, sai takarda ta ce ai kalmomin aikin gida shida ne, kowane gida da ɗabi'arsa. Sai kuma ga waɗanda cikinsu ma yake canjawa: bayarwa antaa ce, amma in ke za ki bayar sai ki ce annan. Ranar da kika gano cewa hatta "a'a" tasu tana da wutsiya shida, kin jefar da takardar kin ce mutanen nan sanyi ne ya hana su fita, shi ya sa suka zauna a ɗaki suna ƙulla wa bayin Allah sharri. Kafin in sauka ƙasa kin sunkuya kin ɗauke ta.

Rana ɗaya ce na ga kin yi nasara a kaina. Kika hau bene da sauri har kina haki, kika buga mini ƙofa, kika ce kin gano mutanen Finland kalma ɗaya suke da ita ta "shi" da "ita", hän, ba mace ba namiji. "Ka gani? 'Yan Zango ne! Shi ya sa Tamimu ya zauna lafiya da su." Daga ranar na rasa bakin tsokanar ki.

Yadda kika yi karatun ma naki ne ke kaɗai. Kin ce ba ki san wata hanyar haddace abu ba sai ta makarantar allo da kika yi a Kumasi. Ƙofar firjinki ta zama allo. Ki rubuta kalma ɗaya da wutsiyoyinta shida da alƙalamin da ake gogewa, ki zauna a kan kujerar kicin kina rangaji gaba da baya, kina rera su da muryar karatun yara, kina bin gaɓoɓin yatsunki. In kin ga ta zauna sai ki kira ni in riƙe takarda ki biya mini. In kin yi daidai, ki sa tsumma ki wanke allo, ki ɗora sabuwa. In kin yi kuskure kuma ni ce da laifi, wai ban iya riƙe takarda ba. A jirgi ma haka, leɓɓanki suna motsi yatsu suna tafiya. Har wata baiwar Allah ta tare ki a masallaci bayan sallar Juma'a, ta ja ki gefe ta ce ta lura kin samu sabon wuridi, don Allah ki ba ta izini ita ma, tana da matsalar miji. Kin dawo kina ba ni labari hawaye na zubo miki don dariya.

Kin fi shekara kina wannan. Ba ki gaya wa Rika ba, wai sai abin ya nuna. Wata Lahadi a 2015, yaron yana da shekara biyar, kika ci ado kamar mai zuwa biki, kika ɗaura ɗankwalin nan naki mai ruwan goro, kika ce in riƙe waya da kyau. Suna bayyana kika yi musu sallama da harshensu. Rika ta dafe ƙirji. Yaron ya ɗago kai, karo na farko da na ga ya dube ki ido cikin ido. Daɗi ya kwashe ki, sai kika saki abin da kika daɗe kina shiryawa, tiryan-tiryan, ba gargada. Daga baya kika fassara mini: "Kai ne mijina. Kai rago ne, mummuna. Ba ka kawo mini abinci ba, ba ka saya mini zane ba. Ba na son ka, zan nemi wani mijin."

Abin da kowace kaka take faɗa ke nan, daga Kumasi har Zariya. Da ɗan gida ne da ya ƙyalƙyale da dariya ya rama. Amma wannan yaro bai taɓa jin an yi haka ba. Abin da ya sani shi ne, matar nan da take yi masa murmushi duk mako, yau ta buɗe baki da harshen da yake ji, kuma abin da ta fara gaya masa shi ne ba ta son sa. Ya fashe da kuka ya sauka daga kujera da gudu. Rika ta ce a yi haƙuri, fuskarta ta yi ja, ta kashe waya. Kika juyo kina tambayata ko wutsiyar wata kalma kika ɓata. Ba ki ɓata ko ɗaya ba, Yaya.

Garin neman gira an rasa ido. Kin kira Rika kin yi mata bayani da Turanci, ni ma na ƙara mata. Mace ce mai hankali, ta saurara, ta ce da farko ta tsorata, ta ɗauka baƙin cikin Tamimu ne ya taɓa miki kai, amma yanzu ta fahimta. Sai dai yaron ya ƙi. Da ya ji an ce Mummo ce a waya, haka suke kiran kaka, sai ya shige ƙarƙashin tebur. Rika ta ce ba za ta tilasta masa ba, kuma gaskiyarta ne. Lahadi ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, sai fuskar Rika kaɗai da kujerar da ba kowa a gefenta. A watannin nan na ga kin tsufa. Kin daina ɗora shinkafar Asabar. Kin ce mini da kin sani da kin bar shi da tafintansa, ko banza kina ganin fuskarsa. Na ji tausayinki ƙwarai.

Na ɗauka kin haƙura da karatun. Sai wata rana na shigo na ga firji cike da rubutu. Kin koma kan yadda ake faɗin abin da ya riga ya wuce: ya ce, ya gudu, ya ɓoye, ya ci. Na tambaye ki na mene ne, kika ce tunda ba zai zo ya gan ki ba, za ki aika masa da ubansa. Duk mako sai ki ɗauki muryarki a waya, ɗan gajeren labari da guragun kalmominki, ki tura wa Rika. Yadda Tamimu yana ɗan shekara biyar ya ɓoye wa kakarsa takalmi a cikin tukunya. Yadda yake ce mata matarsa mara haƙori, ya ce ya sake ta sai ta yi sababbi. Yadda take bin sa da ludayi tana cewa rago, mummuna, in ta kama shi kuma ta ba shi tsokar da ta fi kowace girma. Rika ta ce tana kunnawa lokacin cin abinci, shi kuma yana yi kamar ba ya ji. Aka daɗe a haka. Rannan ana cikin gaisawa da Rika sai ga rabin fuska ta leƙo daga gefen waya, ya yi tambaya da ƙaramar murya. Kin gane ba tare da an juya miki ba. Cewa ya yi, da ta bi shi da ludayin, ta kama shi?

Daga nan ya dawo. Kuka riƙa hira, ke da shi, Rika ta koma gefe tana saƙa. Yana nuna miki zanensa, yana gaya miki sunan karen maƙwabta. Wani lokaci ki biya masa karatunki na firji, da rangajin da muryar da yatsun, shi kuma ya tsura miki ido kamar malamin da ke sauraren ɗalibi. Amma ba ki ƙara tsokanarsa ba ko sau ɗaya. Kin ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Jira kike ya fara. Shi kuwa yaro ne mai ladabi irin na mutanensu, komai ya ce kiitos, wato na gode. Duk sanda aka kashe waya sai ki yi ajiyar zuciya ki ce, "Har yanzu baƙo yake ɗauka na, Sauda. Godiya yake yi mini." Ina ce miki ki gode wa Allah da abin da kika samu. Kina cewa kin gode, amma na san abin yana ranki.

Takardunki sun fito a farkon wannan shekara, lokacin da ƙoda ta riga ta ɗaure ki a jikin injin wankin jini. Likita ya ce ba maganar doguwar tafiya. Rika ta ce to su za su zo, in an yi hutun makaranta a Disamba. Kin sayi ƙaramin bargo da kofi mai hoton mota, kin sa Alkasim ya gyara gadon ɗakin baƙi. Kina ta lissafin abin da za ki dafa masa, kina tambayata ko yaran Turawa suna iya cin shito, yajin nan na mutanen Ghana.

Lahadin ƙarshe kina asibiti, jiki ya yi nisa. An cire miki haƙoran roba, ɗankwali ya zame, fuskarki ta faɗa. Na ce ko mu bar kiran yau, kada yaron ya tsorata. Kika girgiza kai. Na gyara miki matashi na riƙe waya. Ya bayyana, ɗan shekara bakwai, da giɓinsa shi ma. Ya ƙura miki ido. Sai ya matso da fuskarsa dab da waya, ya ɓata rai da gangan, ya yi magana mai ɗan tsawo. Na ga Rika a bayansa ta toshe baki da hannu.

Yaya, dariyar da kika yi! Ba ƙarfi a jikinki amma gadon sai da ya girgiza, har nas ta leƙo. Na ce me ya ce, me ya ce? Yau ni ce mai neman tafinta. Da ƙyar kika iya gaya mini: "Wai matar nan ba haƙori ko ɗaya. Wai ya tsufa, ya yi muni, shi ya sake shi, zai nemi sabo." Kika juya gare shi kika mayar masa da harshensu, ban ji kin yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kika ce to rago, wa zai dafa maka? Ya tuntsire da dariya har ya faɗo daga kujera. Da aka kashe waya kika riƙe hannuna, hawaye yana gangarowa cikin kunnenki, kika ce, "Ya rama, Sauda. Ka ji? Maigida ya rama." Ranar Talata kika cika.

Ni na yi miki wanka, yadda kika koya mini, ban tsallake komai ba. Ga kuma abin da na ce ya kamata ki ji.

Da na sanar da Rika, ta yi kuka sosai, sannan ta tambaye ni me ya kamata su yi bisa al'adarmu. Na ce addu'a kawai. Sai bakina ya suɓuce na ƙara da cewa, a gida in tsohuwa ta rasu ta bar jikoki, ranar sadaka jikokin sukan sa kayanta su kwaikwayi tafiyarta da maganarta, a yi dariya cikin kuka, ko da yake wasu malamai ba sa so. Na faɗa ne don baƙin cikin cewa ke ba mai yi miki. Ban ɗauka ta riƙe maganar ba.

Ranar sadakar bakwai mata sun cika ɗakinki har kan matakala. An yi addu'a, an raba abinci, kowa ya yi jugum. Wayata ta yi ƙara, na ga Rika ce, na ɗaga don ta gaisa da mutane. Ba ita na gani ba. Wani ɗan mutum na gani zaune a kan kujerar kicin, ya yafa mayafin da kika taɓa aika wa uwarsa, ya ɗora gilashi a kan karan hanci, ya tsotse leɓɓansa ciki kamar mara haƙori. Ya fara rangaji gaba da baya, yana bin gaɓoɓin yatsunsa, yana rerawa da muryar makarantar allon Kumasi da bai taɓa gani ba: puhun, puhut, puhuu. Har inda kike jan numfashi kafin puhumme sai da ya ja. Na ɗaga wayar sama kowa ya gani. Ɗakin ya kaure da dariya, matar nan mai neman wuridi har da buga cinya. Ya kai ƙarshe ya tsaya, ya cire gilashin, ya leƙa fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman wani. Sai ya ja mayafin ya rufe fuskarsa. A nan dariyar ta ƙare, ba wadda ba ta yi kuka ba a ɗakin.

Rika ta ce ba su fasa zuwa a Disamba ba, yaron yana so ya ga inda kika kwanta. Bargon yana nan, kofin yana nan. Rubutun ƙarshe da kika yi a firji ma yana nan, na hana a goge, don ba ki biya mini shi ba. Shi zan sa ya biya, in ya yi daidai ya wanke miki allon da hannunsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙannenta da ke Kumasi, Mma Abiba da Alhaji Sheriff, da dukkan dangi. Ga Rika, surukar da ta riƙe amana. Ga Hambali, wanda yau na faɗi sunansa a madadin wadda kunya ta hana. Da jama'ar masallacinmu da duk matan da Mma Zalia ta share wa hawaye a wannan gari. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Ya Allah, baiwarKa Zalia ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Yadda ta wanke bayinKa ta suturta su, Ka wanke ta daga kurakuranta. Yadda ta ciyar da baƙo, Ka karɓi baƙuncinta. Ka raya marayan da ta bari, Ka shirya shi, Ka sa ya zama mai yi mata addu'a da kowane harshe ya iya. Mu da muka saura, Ka sa mu cika da imani.

Yaya, Allah Ya sada ki da Malam da Tamimu a Aljannar Firdausi. In kun haɗu, ki gaya wa Tamimu ɗansa ya sake ki saboda ba ki da haƙori. Zai gane.